Rudolf Diesel, Bajamushen Da Ya Ƙago Injin Man Gas

Duk wanda ya saba shiga gidan mai ya san famfon da manyan motoci ke jeruwa a gabansa, watau na man dizal, wanda direbobinmu suka fi kira man gas. Sai dai ba kowa ne ya san cewa dizal sunan mutum ne ba. Wani injiniya ne Bajamushe, Rudolf Diesel, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa wajen neman injin da ba ya ɓarnar mai, ya samu, ya yi dukiya da shi, sa'an nan dukiyar ta zube tun yana da rai.

An haife shi a birnin Paris ran 18 ga watan Maris, 1858. Iyayensa baƙi ne daga lardin Bavaria na ƙasar Jamus, mahaifinsa kuwa, Theodor, sana'ar dukanci yake yi da ɗinkin littattafai. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa cikin 1870, sai aka kori Jamusawan da ke Paris, iyalin suka ƙaura Landan. Talauci ya matsa musu a can, don haka aka aika da Rudolf, yana ɗan shekara 12, wurin 'yan'uwansu a garin Augsburg, gidan wani malamin lissafi mai suna Christoph Barnickel. Yana da shekara 14 ya rubuta wa iyayensa takarda cewa shi aikin injiniya zai koya. A 1875 ya sami taimakon karatu ya shiga babbar makarantar fasaha ta Munik.

A can ne ya gamu da Farfesa Carl von Linde, gwanin injunan sanyaya kaya. Daga bakin wannan malami ya ji abin da ya hana shi sukuni har ƙarshen ransa: injin tururi, wanda shi ne ke jan jiragen ƙasa da na ruwa da masana'antu a zamanin, bai fi kashi 10 cikin 100 na zafin kwal ɗin da ya ci yake mayarwa aiki ba, sau da yawa ma bai kai ba. Saura duk yana bin iska. Zazzaɓin taifot ya hana shi ɗaukar jarrabawa cikin 1879, ya yi ɗan aiki a kamfanin Sulzer na ƙasar Suwizalan, ya dawo ya gama a watan Janairu na 1880 da sakamako mafi daraja. Sai ya koma Paris yana lura da ma'aikatar ƙanƙara ta malaminsa. Ya auri Martha Flasche a 1883, suka haifi 'ya'ya uku, cikin 1890 kuma aka mai da shi Balin.

To, mene ne dabarar tasa? Wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san famfo yakan yi zafi a hannu, domin iska in an matse ta zafi take yi. Diesel ya ga cewa in fistin ya matse iska zalla cikin silinda matsa mai tsanani, za ta yi zafin da in an fesa mata mai zai kama da wuta da kansa, ba sai da tartsatsi ba. Injin fetur yakan matse gaurayen iska da mai wajen ninki 8 zuwa 12, sa'an nan fulogi ya kunna. Na Diesel yakan kai ninki 15 zuwa 20 ko fiye, kuma ba shi da fulogin tartsatsi sam. Gwargwadon matsar, gwargwadon aikin da ake tatsa daga kowace litar mai.

Gwamnatin Jamus ta ba shi takardar mallakar wannan fasaha ran 23 ga Fabrairu, 1893, a shekarar kuma ya buga littafin da ya bayyana ta. Sai dai abin da ke takarda dabam, abin da ƙarfe zai ɗauka dabam. Matsar da ya fara lissafawa ta fi ƙarfin kowane injin zamanin, tilas ya rage ta nesa ba kusa ba. Wannan ne abokan hamayya suka riƙe daga baya, suna cewa injin da aka ƙera ba shi ne na cikin takardar ba. Ingilishi kuma har gobe suna tuna Herbert Akroyd Stuart, wanda ya yi rajistar wani injin mai tun 1890, ko da yake nasa sai an gasa masa kai da wuta kafin ya tashi.

Kamfanin ƙera injuna na Augsburg, wanda daga baya ya zama MAN, tare da kamfanin Krupp, su suka zuba kuɗi. Injin farko, mai silinda ɗaya da tsawon kusan mita 3, da aka gwada shi cikin Agusta 1893 fashewar man ta tarwatsa ma'aunin da ke kansa. A Fabrairu 1894 ya yi tafiyar minti ɗaya da kansa. Sai ran 17 ga Fabrairu, 1897, Farfesa Moritz Schröter ya auna inji na uku ya tabbatar yana mai da kashi 26 cikin 100 na ƙarfin mai zuwa aiki, fiye da ninki biyu na injin tururi.

Hukuncin da Diesel ya yanke a shekarun nan shi ne har yau mai niyyar sayen a-kori-kura ke lissafi a kansa. Injin da zai jure irin wannan matsa dole ne a yi masa gangar jiki mai kauri da fistin da sandar juyi masu ƙarfi, saboda haka ya fi na fetur nauyi da tsada tun ranar saye. Ranar juye ya fi shan baƙin mai. Famfon mai da nozul ɗinsa aiki ne mai laushi ƙwarai, ruwa kaɗan ko datti a cikin tanki sai ya lalata su, kuɗin gyaransu kuwa ba na wasa ba ne, kuma ba kowane bakanike ne ya iya su ba. Ribarsa ita ce ƙarancin shan mai, da ƙarfin jan kaya, da daɗewa, ga shi litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi da wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Mai dakon buhuna kullum a doguwar hanya zai mai da kuɗinsa. Ma'aikacin da iyakarsa gida zuwa ofis, a ganinmu, wuya ya mayar. A Amurka, inda a-kori-kura ta zama motar kowa, dokokin hayaƙi na 2007 da 2010 sun ƙara wa na dizal matatar toka da wani ruwan tsabtace hayaƙi da ake saye dabam, harajin tarayya kuma a kan galan ɗin dizal santi 24.4 ne, na fetur 18.4. Abin dariya, su can fetur suke kira gas.

Suna da kuɗi suka zo wa Diesel a lokaci guda. Adolphus Busch, attajirin giya na Amurka, ya biya mak miliyan ɗaya cikin 1897 don izinin ƙera injin a ƙasarsa. A bikin baje kolin duniya na Paris a 1900 injin ya ci babbar lambar yabo, aka kuma nuna wani ƙarami yana aiki da man gyada, bisa buƙatar gwamnatin Faransa, wadda ke tunanin ƙasashen da ta mallaka a Afirka inda gyada ke yi. Shi kansa burinsa ƙaramin mai sana'a ya sami inji mai araha da zai yi gogayya da manyan masana'antu. Har littafi ya rubuta a 1903, mai suna Solidarismus, kan yadda ma'aikata za su haɗa kai su mallaki ma'aikatunsu. Littafin bai sami kasuwa ba.

Injin ma bai bi hanyar da ya so ba. An yi gaggawar sayar da shi tun bai nuna ba, na farko-farko suka riƙa lalacewa a hannun masu saye, ga shari'u, ga ciwon kai mai tsanani da ya kai shi gidan jinya. Da aka gyara shi kuwa, manya ne suka amfana: tashoshin lantarki, jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku, da jiragen ruwa irin su Selandia na ƙasar Denmak, wanda ya fara tafiya a 1912. Diesel gwani ne a gaban inji, amma a kasuwa ba haka ba. Ya gina katafaren gida a Munik, ya zuba kuɗi a filaye da rijiyoyin mai, suka nutse.

Da yammacin 29 ga Satumba, 1913, ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp ta Beljiyam zuwa Harwich ta Ingila, zai halarci taron wani kamfanin injinsa a Landan. Ya ci abincin dare, ya shiga ɗakinsa wajen ƙarfe 10, ya bar sallahu a tashe shi da ƙarfe 6 da kwata. Da gari ya waye ba a gan shi ba. Gadonsa ba a kwanta a kai ba, hularsa da kwat ɗinsa na ajiye a bakin jirgi. Bayan kwana goma wani ƙaramin jirgin Holan ya tsinci gawa a teku, ma'aikatansa suka cire abin da ke aljihunta suka mai da ita ruwa. Ɗansa Eugen ya shaida kayan na mahaifinsa ne. Yana da shekara 55.

An yi ta raɗe-raɗin cewa kashe shi aka yi don kada ya sayar wa Ingila sirrin injin, yaƙi kuwa na tafe. Yawancin marubuta tarihinsa sun fi karkata ga cewa shi ya jefa kansa. Kafin tafiyar ya ba matarsa wata jaka ya ce kada ta buɗe sai mako mai zuwa. Da ta buɗe ta tarar da mak 20,000 da takardun banki masu nuna asusunsu ya kusa ƙarewa.

Bai ga injinsa cikin motar kasuwa ba. Sai a 1923 da 1924 kamfanonin Benz da MAN suka fito da manyan motoci masu dizal, kamfanin Bosch ya soma ƙera famfon fesa mai da yawa a 1927, ƙaramar motar fasinja kuwa, Mercedes-Benz 260 D, ta fito a 1936, shekara 23 bayan mutuwarsa.