Ibnul Jauzi, Malamin Da Ya Raba Kaifin Basira Da Hankali

A gidajenmu akwai hukuncin da ake yanke wa yaro tun bai san damansa da hagunsa ba. Wanda ya riga sa'o'insa wanke allo sai a ce haziƙi ne; wanda ya kwana uku a kan aya guda sai a ce kansa ba ya ja. In sun girma, makin jarrabawar JAMB ne ke karɓar alƙalancin. A Muciya da sauran unguwannin Sabon Garin Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru take kusa har kowane uba yana hango ɗansa a cikinta, wata lamba da ba ta wuce 400 ba takan raba 'yan uwa biyu: wannan a nema masa kuɗin makaranta ko da bashi, wancan a miƙa shi ga mai shago. Kafin mu amince wa lamba haka, ya kamata mu san abin da take aunawa da abin da ba ta kai gare shi ba. Tambayar tsohuwa ce. Sama da shekara 800 da suka wuce wani malami a Bagadaza ya keɓe mata littafi guda, kuma tarihin rayuwarsa ya zama sharhi a kan littafin.

Shi ne Abul Faraj Abdurrahman ɗan Aliyu, wanda aka fi sani da Ibnul Jauzi, Allah Ya jiƙan sa. An haife shi a Bagadaza wajen shekara ta 510 bayan Hijira, wato kusan 1116, kuma nasabarsa tana tuƙewa ga Sayyidina Abubakar Siddiƙu, Allah Ya ƙara masa yarda. Danginsa masu fataucin tagulla ne. Mahaifinsa ya rasu yana da kimanin shekara uku, sai goggonsa ta ɗauki nauyinsa, kuma ita ce ta riƙe hannunsa ta kai shi masallacin malamin hadisi Abul Fadli Ibnu Nasir. Daga nan ya bi malamai: Ibnuz Zaguni a fiƙihun mazhabar Hambaliyya da wa'azi, Jawaliƙi a lugga, Anmaɗi a hadisi. Da ya zo rubuta sunayen waɗanda ya ɗauki karatu a wurinsu, sun haura 80, har da mata. Ya ba da labari da kansa cewa yana yaro yakan ɗauki busasshiyar gurasa ya fita neman hadisi, ya zauna a bakin ƙoramar Isa, domin gurasar ba ta haɗiyuwa sai an kora da ruwa.

Hazaƙarsa ba ta ɓoyu ba. Waziri Ibnu Hubaira ya jawo shi jiki, kuma a zamanin Halifa Mustadi'u ya kai ga jagorancin makarantu biyar a birnin. Mafi kyawun shaida a kansa ta fito ne daga bakin baƙo. Matafiyin nan na Andalus, Ibnu Jubair, ya halarci majalisinsa a shekara ta 580, wato 1184, ya kuma rubuta abin da ya gani. Makaranta Alƙur'ani fiye da ashirin sukan zauna a gaban mumbari, su riƙa jawo ayoyi daga surori dabam-dabam. Da sun yi shiru sai malamin ya fara huɗuba nan take, ya saƙa farkon kowace aya a cikin zancensa bisa jerin da aka karanto su, bai gabatar da wata ba, bai jinkirtar da wata ba, sannan ya ƙarasa huɗubar a kan amsa-amon ayar ƙarshe. Takardun tambayoyi kuma suna tahowa daga ko'ina, yana amsawa ba tare da tsayawa ba. Da a yau ne, masu gwajin ƙwaƙwalwa za su ce sun ga iyakar abin da ake nema: riƙe abubuwa da yawa a ka lokaci guda, da sarrafa su cikin gaggawa.

Irin wannan mutum ne ya zauna ya rubuta Kitabul Azkiya, littafin masu kaifin basira, mai babi 33. Galibi ana karanta shi ne don daɗin labaransa, amma babuka huɗu na farko nazari ne tsagwaronsa. Ya kawo saɓanin malamai a kan mazaunin hankali: an ruwaito daga Imamu Ahmad cewa a ƙwaƙwalwa yake, wasu kuma suka ce a zuciya. Sannan ya bi hanyar da Imamu Gazali ya riga shi bi, ya nuna cewa kalmar hankali tana ɗauke da ma'anoni huɗu. Akwai baiwar da aka halicci ɗan Adam da ita wadda ta bambanta shi da dabba. Akwai sanin abubuwan da ba sa buƙatar hujja, kamar yadda ƙaramin yaro ya san biyu ta fi ɗaya. Akwai ilimin da gogayya da zaman duniya ke tara wa mutum. Na huɗu, wanda shi ne ƙololuwa, shi ne mutum ya hango ƙarshen al'amari har ya iya danne sha'awar da ke gabansa saboda abin da zai biyo baya. Kaifin basira kuwa ya ajiye shi a gefe da nasa bayani: saurin cafke ma'ana cikin ɗan lokaci kaɗan, kamar yadda wuta ke kama busasshen itace.

Wannan rabewa ita ce gadon da ya fi amfani gare mu a cikin littafin. Sauri abu ne, hangen ƙarshe wani abu ne dabam, kuma mutum yana iya samun ɗaya ya rasa ɗaya. Dubi waɗanda ya jera a babukan labarai. Ya fara da Annabawa, tsira da aminci su tabbata a gare su, da Sahabbai, da halifofi, da alƙalai, da malamai, da likitoci. Bai tsaya nan ba, ya buɗe babi ga yara, da mata, da waɗanda ake yi wa kallon taɓaɓɓu alhali maganarsu hikima ce, da masu cin biki ba gayyata, da ɓarayi, har da dabbobi. Malamin da ya sa ɓarawo da alƙali a littafi guda yana gaya mana ne cewa wayo ba shi da gida, kuma ba shaidar kirki ba ne. A ɗaya littafin nasa, wanda ya tara labaran wawaye da gafalallu, ya juya madubin: akwai babin gafalallun alƙalai, da na masu ruwayar hadisi, da na limamai, da na malaman makaranta. A can ne ya bayyana wauta da cewa kuskuren hanya ce alhali manufa tana da kyau, saɓanin hauka, inda hanya da manufa duka suka lalace.

Babi na huɗu shi ne ya fi kusa da abin da yau ake kira gwajin basira, domin a nan ya yi magana a kan alamomin da ake gane mai hankali da su. Ya kasa su biyu. Kashi na farko na sura ne, irin su daidaiton jiki, da kaurin wuya, da motsin ido, abubuwan da ya ɗebo daga masana halittar zamaninsa. Wannan kashi bai tsaya da ƙafarsa ba, kuma ba mu ga dalilin kare shi ba. Abin lura dai shi ne Turai ma ta daɗe a cikin wannan rami: har ƙarshen ƙarni na 19 ana auna ƙoƙon kai da tsammanin girmansa zai nuna basira. Alfred Binet na Faransa da kansa ya yi shekaru yana auna kawunan 'yan makaranta kafin ya ga bambancin bai taka kara ya karya ba, ya watsar. Kashi na biyu na Ibnul Jauzi kuwa na aiki ne da hali: a dubi shirun mutum, da natsuwarsa, da yadda yake sa kowane motsi a muhallinsa, da yadda yake lura da ƙarshen abu. Nan ne Binet ma ya koma, ga abin da yaro ke iya aikatawa. A 1905 shi da abokin aikinsa Simon suka fitar da jerin tambayoyi da ƙananan ayyuka, masu tafiya daga sauƙi zuwa wuya, don a gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makarantun Faransa. Bai yarda cewa basira tsayayyen abu ce da ba ta ƙaruwa ba. Daga baya ne, a 1912, William Stern na Jamus ya kawo lissafin raba shekarun fahimtar yaro da shekarunsa na haihuwa, sannan Lewis Terman na Amurka ya yaɗa shi a 1916 da sunan da aka sani yau, wato IQ. Abin da aka ƙera don a ɗaga na baya sai ya koma sikelin jera mutane.

Irin waɗannan gwaje-gwaje suna da amfaninsu a hannun ƙwararre, musamman wajen gano yaron da ke fama da wata matsala ta koyo wadda bulala ba za ta warkar ba. Sai dai akasarinsu da agogo ake yin su, da harshen da aka tsara su a ciki. Suna kama sauri da abin da aka koya. Ma'ana ta huɗu ba ta shiga takardar amsa. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, da Larabci a allo, aka auna shi da Turanci cikin awa biyu, an auna Turancinsa da saurinsa kafin a kai ga hankalinsa. Shi kuwa mai jinkirin hadda, Ibnul Jauzi ya tanadar masa magana a littafin da ya rubuta don kwaɗaitarwa a kan haddar ilimi. Ya ce mutane sun bambanta, wani kaɗan zai maimaita ya riƙe, wani sai ya yi ta yi. Ya kafa misali da Abu Is'haƙ Shirazi, babban malamin Shafi'iyya, wanda yakan maimaita darasi sau 100, da Ilkiya Harrasi mai maimaitawa sau 70.

Shi kansa bai tsira daga tarkon sauri ba, kuma malaman tarihi ba su ɓoye wannan ba. An ruwaito cewa ya sha 'ya'yan wani itace da ake kira balazur, wanda mutanen lokacin suke sha don ƙarfin hadda, sai gemunsa ya zube, ya rage ɗan kaɗan. Ya wallafa littattafai ɗaruruwa, cikinsu akwai Zadul Masir a tafsiri, da Almuntazam a tarihi, da Sifatus Safwa, da Talbisu Iblis, da Saidul Khaɗir. Amma Imamuz Zahabi ya kawo cewa kurakurai sun yi yawa a cikinsu, saboda yakan gama littafi ya wuce zuwa wani bai koma ya duba na farko ba. A littafinsa na ƙagaggun hadisai ya sa waɗansu da ba ƙagaggu ba ne, har da wani da ke cikin Sahihu Muslim, abin da ya sa Ibnu Hajar da Suyuɗi suka bi bayansa da gyara. Wannan bai rage masa daraja a wurinmu ba. Ya dai tabbatar da rabewar da shi da kansa ya yi.

Jarrabawarsa mafi tsanani ta zo masa yana dab da shekara 80. A zamanin Waziri Ibnu Yunus, wanda yake ɗasawa da shi, an ƙona littattafan Ruknu Abdussalam, jikan Shehu Abdulƙadir Jilani, bisa zargin falsafa da duban taurari, aka karɓe makarantar kakansa aka damƙa wa Ibnul Jauzi. Da kujerar wazirin ta kife, sai reshe ya juye da mujiya. A shekara ta 590, wato 1194, zamanin Halifa Nasir, aka kama shi, aka rufe ɗakin littattafansa, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa garin Wasiɗ. Shekara biyar ya yi a tsare a wani gida. Dattijon da halifofi ke sauraro daga bayan labule ya koma yana wanke tufafinsa, yana dafa abincinsa, yana jan ruwa a rijiya da hannunsa. Yakan sauke Alƙur'ani kullum, amma ya ce bai iya karanta Suratu Yusuf ba, saboda kewar ƙaramin ɗansa Yusuf.

Yana da wani ɗa babba, Abul Ƙasim Aliyu, wanda tun da farko ya lura yana da kasala wajen karatu, har ya rubuta masa wasiƙar nasiha wadda ake karantawa har yau da sunan Laftatul Kabid. Wannan ɗa ne, yayin da uban ke tsare, ya kwashe littattafansa ya sayar da su da arha. Yusuf kuwa, wanda yake ɗan shekara goma lokacin da aka tafi da mahaifinsa, ya tashi ya kama wa'azi, kuma ta hanyarsa ne mahaifiyar halifa ta sa baki aka saki dattijon a shekara ta 595. Kafin su baro Wasiɗ, uba da ɗa suka zauna gaban Ibnul Baƙillani suka karanta Alƙur'ani da ƙira'o'i goma, ɗaya ya haura 80, ɗaya yana da 15.

Bagadaza ta fito ta tarye shi, ya koma kan mumbarinsa, amma bai fi shekara biyu ba. Ya rasu daren Juma'a, 12 ga Ramadan na shekarar 597, wato 1201, aka binne shi a maƙabartar Babu Harb, kusa da Imamu Ahmad. Ibnu Khallikan ya kawo cewa ya daɗe yana tara sassaƙen da ke zuba idan ya fiƙe alƙaluman da yake rubuta hadisi da su, ya kuma yi wasiyya a ɗumama ruwan wankan gawarsa da shi. An yi hakan, sassaƙen ya isa har ya yi saura.

Yusuf ya ɗaukaka a fadar halifa, kuma Tatar suka kashe shi tare da 'ya'yansa lokacin da suka ci Bagadaza a 1258. Shi ne ya gina makarantar Jauziyya a Dimashƙa. Wani mai kula da wannan makaranta daga baya shi ne mahaifin Ibnu Ƙayyimil Jauziyya, almajirin Ibnu Taimiyya, wanda ɗalibai da yawa ke rikita sunansa da na Ibnul Jauzi, alhali kusan ƙarni guda ne tsakanin rasuwar wannan da haihuwar wancan.