Tuan Guru, malamin da aka tsare a tsibirin Roben

Ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu sayar da kayan yaji a Dawce da Matamaye, wannan tarihi a faifanku ya soma. Kanumfarin da kuke aunawa asalinsa daga wasu ƙananan tsibirai ne na ƙasar da ake kira Indunusiya a yau. A ɗaya daga cikinsu, Tidore, aka haifi Abdullahi ɗan Alƙali Abdussalam wajen shekara ta 1712, cikin gidan sarauta da ilimi.

A lokacin kamfanin Turawan Holan ne ya kankane cinikin kanumfari. Har sare itatuwansa suke sa a yi a tsibiran da ba su yarda a noma ba, don kada farashi ya faɗi. Duk wanda suka ga yana iya kai kaya ga wani mai saye, abokin gaba ne. Suka zargi Abdullahi da haɗa baki da Ingilishi, suka sa shi a jirgin ruwa, aka sauke shi a Kef Tawun, can ƙarshen Afirka ta Kudu, a 1780. Yana dab da shekara 70 ke nan. Mu mutanen Damagaram mun san irin wannan, tunda Faransawa ma sun tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa a 1906 suka kai shi Kwaddebuwa.

Wurin da aka tsare shi tsibirin Roben ne, kimanin kilomita 7 daga gaɓar teku, fili mai duwatsu da iska mai sanyi. Sunan da yaren Holan yana nufin karnukan teku, don da can su ne suka cika wurin, su da wani tsuntsu da ake kira fengwin. Shi wannan tsuntsu ba ya tashi sama, tafiya yake a tsaye kamar mutum, cikin ruwa yake kamun kifi, kukansa kuma sak na jaki. Matuƙan jirage suka yi ta yanka su suna kwashe ƙwai, har aka wayi gari babu ko ɗaya. Zomayen da Turawa suka kawo don nama su ne suka hayayyafa.

Dattijon nan ba shi da littafi ko guda a hannu. Sai ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya kuma rubuta littafin tauhidi da fiƙihu da Larabci da yaren Malayu. A ganina wannan shi ne babban aikinsa, domin Musulmin Kef na lokacin yawancinsu bayi ne da ƴantattu, kuma doka ta hana su yin addininsu a fili.

Da aka sake shi bai samu komawa gida ba. A 1793 ya buɗe makarantar allo a wani ɗakin ajiyar kaya na wani ƴantaccen bawa mai suna Koridon, a titin Dorp. Yara da manya, bayi da ƴaƴa, duk tabarma ɗaya. A nan ya samu laƙabin Tuan Guru, wato babban malami. Kafin a ba su izinin masallaci, a ramin fasa dutse yake jan sallar Juma'a. A 1794 wurin makarantar ya zama Masallacin Awwal, na farko a Afirka ta Kudu. Mata ku ji da kyau: wata mace ce ta gidan, Sarci, ta mallaki filin daga baya, ta kuma bar shi ga masallaci. Malam ya ga ranar da aka ba da ƴancin addini a 1804, ya rasu a 1807, aka rufe shi a maƙabartar Tana Baru. Allah ya jiƙansa.

Tsibirin kuwa ya zama wurin killace kutare, sannan kurkukun da Nelson Mandela ya yi shekara 18 a ciki, daga 1964 zuwa 1982. A 1999 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Fengwin sun dawo da kansu a 1983, amma a 2000 wani jirgi ya nutse kusa, mai ya malale ya shafe dubbansu. Yanzu jiragen kamun kifi na rage musu abinci, har a 2024 aka sa su cikin halittun da ke dab da ƙarewa.

Ɗaya daga cikin Alƙur'anan da malam ya rubuta da hannunsa an tsince shi a saman rufin Masallacin Awwal lokacin gyara, cikin shekarun 1980, kuma yana nan ajiye a masallacin.