Baba Mutuniyar Karo

An haifi Baba a Karo ta ƙasar Kano tun gabanin zuwan Turawa, kakanninta kuwa Barebari ne. Aure huɗu ta yi, ba ta taɓa haihuwa ba, sai dai 'ya'yan riƙo. Na farin auren zumunta ne, aka ba ta Duma alhali ranta yana wajen Malam Maigari. Ta yi wa iyaye biyayya, ta zauna 'yan shekaru, kana ta fita ta auri wanda take so. Wannan wayon ba kowace mace ke da shi ba.

Tsakanin 1949 da 1950 ta ba Mary Smith labarinta a Giwa. Ta rasu a 1951, littafin bai fito ba sai 1954.