Josef Asher, mai fasa lu'ulu'u

Ƴan kasuwa, kun san ɗanyen lu'ulu'u ba ya ƙyalli, kamar ɓallin kwalba yake. Hannun mai yanka ke fiddo kuɗinsa.

An haifi Josef Asher a Amsterdam ta ƙasar Holan a 1871, cikin gidan Yahudawa masu yankan lu'ulu'u tun kakansa. A 1902 ya ƙirƙiro wani yanka mai kusurwa huɗu da har yau ake kira da sunan gidansu.

Babban gwajinsa ya zo daga Afirka ta Kudu. A 1905 an haƙo dutsen Kulinan, mai nauyin karat 3106, wato sama da rabin kilo. Gwamnatin Taransbal ta saye shi, ta ba sarkin Ingila Edward na 7, shi kuma ya damƙa wa gidan Asher.

Lu'ulu'u yana da gaɓa kamar itacen da ake faskarewa. In aka kuskure ta, dukiyar sarki ta zama tsakuwa. Josef ya daɗe yana nazarin dutsen, aka yi masa tsaga, ranar 10 ga Fabrairu 1908 ya ɗora wuƙar ƙarfe ya buga. Wuƙar ce ta karye! Da aka sake, dutsen ya rabu biyu daidai inda ya nufa. Ana cewa ya suma, amma danginsa sun musanta.

Bayan wata 8 ana goga, an samu manya 9 da ƙanana 96. Babbansu, karat 530, yana kan sandar sarautar Ingila.

Josef ya rasu kafin yaƙin duniya na biyu, wanda ya cinye yawancin danginsa da ma'aikatansa.