Labarin Mista Pocock, Mai Raɗa wa Gizo-gizo Suna

Ba ɗa a ƙasar Hausa da bai san Gizo ba, gama tun muna ƙanana muke jin wayonsa a bakin kakanninmu. Amma in aka ce wa ɗayanmu ya faɗi irin gizo-gizo nawa ne ke cikin ɗakinsa, sai ya ce akwai mai saƙa, akwai tautau, daga nan ya yi shiru. To, ga labarin wani Bature wanda ya share shekaru yana duban waɗannan halittu da muka raina, har ya raɗa wa wani na ƙasarmu suna.

Sunansa Reginald Innes Pocock. An haife shi ran 4 ga Maris, 1863, a Clifton, wata unguwa ta birnin Bristol a Ingila. Ubansa limamin Kirista ne. Ya yi makaranta a Oxford, inda ya fara koyon ilmin dabbobi, kana ya koma Bristol ya ƙara karatu. Cikin 1885 aka ɗauke shi aiki a babban gidan ajiyar halittu na London. Ya yi shekara guda a wajen ƙwari, sa'an nan aka danƙa masa sashen gizo-gizo da kunama da shanshani da ƙadandoniya. Wani da ya ga an ba shi wannan rabo sai ya ce an wulakanta shi. Shi kuwa ya riƙe aikin shekara 18, ya rubuta maƙaloli wajen 200.

A zamanin nan matafiya da sojoji da 'yan kasuwa suna aiko da ƙwari daga ƙasashe masu zafi, a jiƙe cikin kwalabe da barasa don kada su ruɓe. In kwalba ta zo, Pocock ba ya gaggawa. Zai sa dabbar ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, ya auna tsawon jikinta da na kowace ƙafa, ya dubi yadda idanu suke jere, da yadda fiƙoƙi suke sara, da irin gashin ƙafafu. Sa'an nan ya gwada ta da waɗanda ke ajiye, ya bi littattafan magabata ɗaya ɗaya. Sai in ya ga ba wanda ya riga shi ne zai ba ta suna biyu da Latin, bisa ƙa'idar da wani masani na Suwidin, Linnaeus, ya kafa: na fari sunan dangi, na biyu sunan iri, kamar a ce Bahaushe Bakano. Dabbar da aka yi bayanin da ita kuwa a kan adana ta, ta zama ma'auni, duk mai shakka ya zo ya gwada tasa da ita.

Ya fi ba da ƙarfi ga manyan gizo-gizon ƙasa masu gashi, waɗanda ba su kafa saƙa a iska, sai su haƙa rami su shimfiɗe shi da zarensu, su fito farauta da dare. Ya lura waɗansunsu suna da wani irin gashi a gindin ƙafafun gaba, in sun fusata su goga shi ya yi ƙara kamar hucin maciji. Wurin da wannan gashi yake da kuma siffarsa sun bambanta daga dangi zuwa dangi, saboda haka ya mai da shi alama ta rarrabe su. Cikin 1897 ya kasa na Afirka ƙungiya ƙungiya, har yau kuma masana suna aiki da waɗansu sunayen da ya sa.

Ana nan sai aka aiko da wani ƙato daga Jabba, a bakin Kwara. Pocock ya duba, ya ga danginsa ɗaya da wani da ya riga ya bayyana daga Kamaru, amma ba iri ɗaya ba ne. Ya bayyana shi cikin littafin ƙungiyar masana dabbobi ta London na shekarar 1899, ya sa masa suna Hysterocrates hercules, watau ya ara masa sunan wani ƙaƙƙarfan jarumi na tatsuniyoyin Yunanawa saboda girmansa. Abin mamaki, aka shekara fiye da ɗari masana ba su sami wani da suka tabbatar irinsa ne ba. Ashe da Pocock ya yi sakaci da kwalbar nan guda, da duniya ba ta san akwai wannan halitta a Nijeriya ba.

Kada kuwa a zaci gwani ba ya kuskure. Cikin 1900 ya raɗa wa wani babban gizo-gizo na Afirka ta Gabas suna, aka yi ta kiransa da shi. Sai cikin 2010 aka gane ashe wani Bajamushe, Karsch, ya riga ya bayyana shi tun 1885. Da yake ƙa'ida ita ce sunan fari shi ne suna, aka ajiye na Pocock aka koma wa na Karsch. Ajiyar ma'auni da rubuta bayani filla-filla su suka sa gyara ya yiwu.

Cikin 1904 ya bar gidan ajiya ya zama shugaban gidan namun daji na London, ya riƙe shi har 1923. An zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana ta Ingila a 1911. Da ya huta bai zauna ba, ya koma tsohon wurin aikinsa ba albashi, yana nazarin su zaki da damisa, ya rubuta littafi biyu a kan dabbobin ƙasar Hindu. Ya rasu ran 9 ga Agusta, 1947, yana da shekara 84.

To, 'yan'uwa, cikin 2022 irin gizo-gizon da aka raɗa wa suna a duniya ya kai 50,000, masana kuwa suna ganin da sauran da yawa. Mu da za mu fita koyarwa a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, ga duwatsu ga gonaki ga bakin rafi a ƙofar makaranta. In yaro ya ga rami mai zare a baki, kada mu ce masa ai Gizo ne kawai. Mu sa shi ya ƙidaya ƙafafu, ya ga takwas ne ba shida irin na ƙwaro ba, ya zana siffar, ya rubuta rana da wuri, amma kada ya sa hannu cikin ramin. Gani ya kori ji. Wa ya sani ko a gindin wani dutse na Roni akwai wanda ke jiran mai raɗa masa suna? Allah ya ba mu idon lura da haƙurin bincike, amin.