Henry Ford: ɗan manomin da ya sanya a-kori-kura a kasuwa

An haifi Henry Ford ranar 30 ga Yulin 1863 a wata gona kusa da Dearborn, jihar Michigan ta Amurka. Noma bai taɓa kwanta masa a rai ba. Tun yana yaro hankalinsa na kan kwance agogo da mayar da shi. Amma manoman da ya baro su ne suka zama manyan masu sayen motocinsa bayan ya kafa kamfanin Ford a 1903.

Motarsa Model T ta fito a 1908 da inji mai silinda huɗu da ƙarfin doki 20. Manoma suka riƙa cire bayanta suna kafa akwatin katako domin ɗaukar amfanin gona. Ganin haka, a 1925 kamfanin ya fara sayar da ita da bodin ɗaukar kaya na ƙarfe, a kan dala 281.

Taurin kansa ya kusa kai shi ƙasa. Ɗansa Edsel ya daɗe yana roƙon a sauya Model T, uban ya ƙi, sai a 1927 da kasuwa ta juya mata baya. Da Chevrolet ta fito da inji mai silinda shida a 1929, Ford ya tsallake zuwa takwas. Injin V8 na 1932, mai ƙarfin doki 65, an zuba gangar jikinsa a dunƙule ɗaya, abin da ya sa farashinsa ya sauko har talaka ya iya saye. Yana da aibi guda: hayaƙi na bi ta cikin gangar kafin ya fita, don haka yakan yi zafi. Har yau masu farfaɗo da tsofaffin motocin nan tsagewar ƙarfe suke fara dubawa. Da yawansu kuma sukan sauya birki, domin Ford bai amince da birki mai aiki da mai ba sai a 1939.

Tarihinsa ba ya rasa tabo. Jaridarsa, Dearborn Independent, ta yaɗa ƙiyayyar Yahudawa har ya nemi gafara a 1927, kuma a 1937 masu gadin kamfaninsa suka lakaɗa wa shugabannin ƙwadago dūka. Sai a 1941 ya amince da ƙungiyarsu.

Edsel ya rasu a 1943, jikan Ford, Henry na biyu, ya karɓi ragama a 1945. Ford ya mutu ranar 7 ga Afrilun 1947 yana da shekara 83. A shekarar da ta biyo baya aka fito da a-kori-kura samfurin F-1, mai saye kuma na da zaɓi tsakanin silinda shida da wancan tsohon V8.