Harry Harlow: masanin da ya raba jariran birai da iyayensu, ya gano cewa abinci kaɗai ba ya rayar da su

A yau dokokin ƙasashe da dama sun hana a ajiye biri shi kaɗai a keji ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Ɗaya daga cikin mutanen da aikinsu ya kai ga haka shi ne Harry Harlow, Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam da dabbobi, wanda ya rasu a 1981. Sai dai hanyar da ya bi ya kai ga wannan ilimi ita ce gallaza wa birai, kuma har yanzu ana muhawara a kan sunansa.

An haife shi ranar 31 ga Oktoba 1905 a garin Fairfield na jihar Iowa. Sunansa na yanka Harry Frederick Israel. Ya yi karatu a jami'ar Stanford, inda ya samu digirin dakta a 1930. A lokacin ƙyamar Yahudawa ta yi ƙarfi a jami'o'in Amurka, kuma ko da yake shi ba Bayahude ba ne, malamansa sun ji tsoron sunan Israel zai hana shi samun aiki. Bisa shawararsu ya koma amfani da Harlow, wanda ɗaya ne daga cikin sunayen mahaifinsa.

A wannan shekarar jami'ar Wisconsin da ke birnin Madison ta ɗauke shi koyarwa. Da ya isa bai tarar da ɗakin bincike ba, don haka ya riƙa zuwa gidan namun daji na birnin yana gwada basirar biran da ke can. Daga baya shi da ɗalibansa suka gyara wani tsohon gini suka mayar da shi cibiyar binciken birai. Aikinsa na farko da ya yi suna, wanda ya wallafa a 1949, ya nuna cewa biri ba haddace amsa kawai yake yi ba. Idan aka yi ta ba shi matsaloli iri ɗaya, yakan gane dabarar warware su, har ya riƙa cin sabuwar matsala bayan gwaji guda.

Uwar waya da uwar tawul

A tsakiyar shekarun 1950 Harlow ya fara kiwon biransa da kansa, irin na Indiya da ake kira resus, domin waɗanda ake shigowa da su suna da tsada kuma sukan zo da cuta. Don kare jariran daga kamuwa, ana ɗauke su daga iyayensu sa'o'i kaɗan bayan haihuwa, a ajiye kowane a kejinsa, a ba shi madara a kwalba. Jariran sun yi ƙiba, jikinsu lafiya lau. Amma ma'aikata sun lura suna maƙale wa ƙyallen da aka shimfiɗa musu, kuma idan aka cire shi don wanki sai su yi ta ihu suna birgima.

A wancan zamani manyan masana suna koyar da cewa jariri yana son uwarsa ne saboda nono kawai. Wani fitacce a cikinsu, John Watson, ya rubuta littafi a 1928 yana gargaɗin iyaye su rage runguma da sumbatar ƴaƴansu. Harlow ya so ya gwada wannan ra'ayi. Ya ƙera uwar roƙo iri biyu: ɗaya ta waya zalla, ɗaya kuma ta katako da aka lulluɓe da soso da tawul mai laushi. Ya sa jarirai 8 kowane da uwayen biyu a kejinsa. Huɗu suna shan madara a jikin ta waya, huɗu a jikin ta tawul.

Duka takwas ɗin suka zaɓi ta tawul. Ko waɗanda madararsu ke jikin ta waya, sai su je su sha su dawo da sauri, su wuni rungume da mai laushin. Idan aka tsorata su da wani abin wasa mai ƙara, wurinta suke gudu, sai sun natsu sannan su leƙo su dubi abin. Harlow ya gabatar da sakamakon a 1958, a jawabinsa na shugaban ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka. Aikin ya ƙarfafa hujjar likitan Ingila John Bowlby, wanda ya daɗe yana cewa raba yaro da uwarsa yana yi masa illa mai ɗorewa. Sannu a hankali asibitoci da gidajen marayu a Turai da Amurka suka sassauta ƙa'idojin da ke hana iyaye zama kusa da ƴaƴansu marasa lafiya.

Inda binciken ya wuce gona da iri

Uwar tawul ba ta wadatar ba. Biran da suka tashi a jikinta, da suka girma, ba su iya zama da ƴan'uwansu ba. Wannan ya sa Harlow ya shiga wani sabon gwaji a shekarun 1960: kulle jarirai a ɗakin ƙarfe na wata 3, wata 6 ko wata 12, ba sa ganin biri ba sa ganin mutum. Da aka fito da su, suna takurewa a lungu, suna rungume kansu, suna jijjiga gaba da baya, wasu suna cizon jikinsu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wata 3 ya ƙi cin abinci har ya mutu. Matan da suka tashi a haka, da suka haihu, da yawansu sun yi watsi da jariransu, wasu sun ji musu rauni, wasu ma sun kashe su.

A 1967 aka ba shi lambar yabo ta ƙasa a fannin kimiyya. Amma rayuwarsa ba ta da daɗi. Ya yi fama da shan giya da ciwon damuwa, kuma matarsa ta biyu, Margaret, wadda abokiyar aikinsa ce, ta rasu da ciwon daji a 1971. A wajen wannan lokaci ne ya ƙera wani rami na ƙarfe mai santsi, inda ake jefa ƙaramin biri na makonni don a haddasa masa damuwa da gangan. Har wasu daga cikin ɗalibansa, irin su William Mason, sun ce daga baya aikin ya zarce abin da mai imani zai yarda da shi.

Akwai sakamako guda mai sanyaya rai. A 1972 shi da ɗalibinsa Stephen Suomi suka haɗa biran da aka kulle wata 6 da wasu ƙanana ƴan wata 3 masu lafiya. Ƙananan ba su da faɗa, sai maƙalewa da wasa. Cikin watanni manyan suka fara wasa su ma, halinsu ya gyaru sosai. Maganin da aka samu ke nan: wani biri.

Harlow ya yi ritaya ya koma Tucson a jihar Arizona tare da matarsa ta farko, Clara, wadda ya sake aura. Ya rasu ranar 6 ga Disamba 1981. Shekara huɗu bayan haka, a 1985, majalisar Amurka ta gyara dokar kula da dabbobi, ta wajabta wa masu ajiye birai su kula da lafiyar hankalinsu, ba ta jiki kaɗai ba. Masu fafutukar kare dabbobi sun kafa hujja da abin da ya gano, sun kuma kafa hujja da zaluncin da ya yi.

Abin da ya shafe mu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tasawa, Mayahi ko Baudeta ya san masu wasa da biri a ranar kasuwa, ya kuma san birin da ake ɗaure wa igiya a ƙugu a gindin bishiya. Galibi jan biri ne, wanda a daji yake rayuwa cikin garke na mata da ƴaƴansu da namiji guda, yana cin dogon zango kullum, kuma gudunsa kan kai kilomita 55 a sa'a. Yawancin waɗanda ake kawowa gari tun suna jarirai aka kama su, kuma da wuya a ƙwace jariri a hannun uwa tana raye.

Idan irin wannan biri ya fara jijjiga, ko cizon kansa, ko kai wa yara farmaki bayan ya balaga, mutane sukan ce mugunta ce ta biri. Alamomin nan su ne Harlow ya rubuta a kan biran da ya kulle. Farauta da kama namun daji a Nijar suna ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, kuma ma'aikatan gandun daji ne ke kula da ita. Wanda aka yi wa tallar ɗan biri, su ya kamata ya sanar, domin kowane ciniki yana tura mafarauci ya koma daji neman wata uwar.